Tukunyar da Ba Ta Ƙanzo

Tokyo, 14 ga Disamba, 1959

Yaya Tatsue,

Gaisuwa mai yawa. Sanyi ya fara cizo a nan, na san ku a Sugisawa dusar ƙanƙara ta riga ta kai taga. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki Shigeharu, da 'yarki Kiyo, da surukanki duka.

Akwati zai iso tashar jirgin ƙasa. Ki sa a ɗauko shi da hannu biyu, kada wani ya zauna a kai. Tukunyar lantarki ce ta dafa shinkafa, irin wadda nake tallatawa a kanti. Na rubuta sunanki a jiki da manyan baƙaƙe, don na san gidan nan, in ban yi haka ba sai a wayi gari ta zama ta surukarki.

Tun da na zo bikin tunawa da kakanni a watan Agusta raina yake a ɓace. Na fito da asuba na same ki durƙushe gaban murhu kina hura wuta ta cikin gora, idanunki jajur, hawaye na zuba, kina ce mini wai ba komai. Mutum shida suna ciki suna ta minshari. Shekara shida kina wannan, haba Yaya! Ke da Baba yake cewa kin fi kowa idon saka zare a allura.

To ya ƙare. Ki wanke shinkafa, ki zuba ruwa ya kai layi, ki danna maɓalli, ki koma ki kwanta. Da ta nuna za ta kashe kanta. Ba hayaƙi, ba toka, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta kamawa a gindin tukunya. Wannan maganar ta ƙarshe sau arba'in nake faɗarta a rana, kuma ita ce ke sa mata su buɗe jaka. Mazajensu kuwa suna tsaye a baya suna ƙunƙuni wai shinkafar itace ta fi daɗi. Jiya na ce da wani, "Ranka ya daɗe, sau nawa ka taɓa hura wutar?" Matarsa ta rufe baki tana dariya, manaja ya yi ta hararata har aka tashi.

Ki rubuto ki gaya mini yadda barcin safe yake a bakinki. Ki kula da kanki a sanyin nan.

Ƙanwarki,
Nobuyo

Sugisawa, 3 ga Fabrairu, 1960

Nobu,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mu nan dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gari, shi ya sa amsa ta jinkirta, ki yi haƙuri.

Tukunya ta iso lafiya. Na gode ƙwarai, kin yi ɗawainiya. Kwana uku tana zaune a ɗakin baƙi kamar amarya, maƙwabta suna shigowa kallo. Wata tsohuwa ta tambaya ta ina ake saka itacen. Ranar farko da aka dafa, surukina da kansa ya kai wa kakanni marigaya kwanonsu a kusurwar da ake tunawa da su, ya durƙusa ya yi musu bayani cewa zamani ne ya zo da haka, kada su ji haushi. Iya, wato surukata, ta ce ƙanwata yarinyar kirki ce. Kin ga kin samu yabo a inda ni ban taɓa samu ba.

Idanuna sun daina ruwa, wannan gaskiya ce. Barcin safe kuwa ba zan iya gaya miki ɗanɗanonsa ba. Iya ta ce tunda yanzu ina da awa guda da ba ta da aiki, sai in shiga rumfa in riƙa tufka igiyar kara kafin a karya. Ina tashi yadda na saba.

Wani labari kuma, ina da ciki, wata huɗu. Ungozoma ta ce Yuli. Na gaya wa Inna, ke ce ta biyu.

Ina da tambaya, kada ki yi mini dariya. Babu wata dabara da za a yi tukunyar nan ta yi ƙanzo, ko kaɗan ne? Ki tambayi masu ƙera ta in kina ganinsu.

Ki riƙa sa safa biyu, na san halinki da son gayu. A huta lafiya.

Yayarki,
Tatsue

Tokyo, 11 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa, da barka da abin alheri. Na yi murna har na taka rawa ni kaɗai a ɗaki.

Da na karanta tambayarki na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Na ce ji Yaya da ƙauyanci, injiniyoyi sun shekara uku suna yaƙi da ƙanzo, ita kuma kewarsa take yi. Har na ba abokan aikina labari. Igiyar karan ce ta fara ɓata mini rai, na aiko miki da barci wata ta karɓe.

Yau kuma wasiƙar Inna ta zo, dariyar ta tsaya. Ta ce kin yanke jiki kin faɗi a bakin rijiya da guga a hannu. Ta ce ungozoma ta kama wuyan hannunki da yatsa biyu ta zagaye shi, ta tambaye ki me kike ci, kika ce komai. Gidan da ke da gonar shinkafa har gindin dutse! Me ke faruwa? Kada ki aiko mini da labarin dusar ƙanƙara da maƙwabta. Ki faɗa mini gaskiya, in ba haka ba na hau jirgi in zo in tambayi surukarki da bakina, kin kuma san bakin.

Ina jiran amsa.

Nobuyo

Sugisawa, 19 ga Maris

Nobu,

Na gaishe ki. Kada ki zo. Tunda kin matsa, ga shi, ki karanta ki ƙona.

Ni da ke mun girma a gidan ma'aikacin gidan waya. Mu huɗu ne, Inna ta zuba wa kowa ta zuba wa kanta, mai so ya ƙara. Gidan manoma ba haka yake ba. A nan ludayin shinkafa a hannun uwar miji yake har ranar da ta ga dama ta miƙa shi, wata sai tana kan gadon mutuwa. Ita ke aunawa daga akwati, ita ke zubawa. Kakanni da farko, sai surukina, sai Shigeharu, sai ƙannensa biyu Tomeo da Sueji, ƙarti masu ci kamar dawakai, sai Kiyo, sai ita kanta, sannan ni. Matar ɗa ba ta miƙa kwano a ƙara mata. Ita ce ta ƙarshen zama, ita ce ta farkon tashi. Abin da ke zuwa kwanona ba ya rufe zanen furen da ke ƙasansa.

Za ki ce to yaya na rayu shekara shida, har na haifi Kiyo na shayar da ita? Wanke tukunya aikina ne, kuma abin da ya kama a gindi na mai wankewa ne. Ba wanda ya taɓa faɗin haka da baki, amma kowace matar ɗa a ƙauyen nan ta sani. Na koyi jefa ɗan damin kara a wuta daf da saukewa, ƙanzon ya yi kauri kamar tafin hannu. In an watse sai in kankare, in barbaɗa gishiri, in zuba ruwan shayi mai zafi, in ci a tsaye a bayan murhu. Iya ba ta taɓa leƙa tukunyar ba ko sau ɗaya. Wannan ne abincina, Nobu, safe da yamma.

Sai ga kyautarki. A murhu awo sha uku muke dafawa, taki goma take ɗauka. Iya ta ce tunda ba a asarar ko ƙwaya, goma ya isa, kuma ba za a kunna wuta sau biyu ba. Kwanon maza bai ragu ba, ba su ma san an rage komai ba. Tukunyar tana zuwa hannuna fes, har ina ganin fuskata a ciki.

Na ji haushinki, ban ɓoye miki ba. Ina tufka igiya da yunwa ina tuna ki da farar rigarki kina cewa ko ƙwaya ɗaya, mata na tafa miki. Su waye suka ƙera abin nan? Na tabbata duk maza ne da ake fara zuba wa, babu wanda ya taɓa wanke tukunya a cikinsu balle ya san wa take ciyarwa.

Amma na samu mafita. In na soka tsinken cin abinci na tokare maɓallin, ba ta iya kashe kanta, sai gindin ya ƙone. Abin da ya ƙone ba a ba maza. Iya tana ta mita wai kayan birni ba su da ƙarko, ni kuwa yau kwana tara ina ci. Ki bar ni haka. Kada ki gaya wa Inna, kada ki gaya wa kowa.

Tatsue

Kamfanin Kayan Lantarki na Tsurumine
Sashen Sauraron Masu Saye
4 ga Afrilu, 1960

Zuwa ga Malama Nobuyo Hatakeyama, ma'aikaciyar talla.

A wannan lokaci da furanni suka fara buɗewa, muna yi miki fatan ƙoshin lafiya, tare da godiya bisa hidimar da kike yi wa kamfani.

Mun karɓi wasiƙarki mai shafi biyar, mun kuma nazarce ta da kyau. Game da girman tukunya, muna sanar da ke cewa an tsara ta ne domin gidan zamani, wato miji da mata da yara biyu, kamar yadda bincikenmu ya nuna. Game da shawararki ta a sa mata cikin masu ƙira, muna tabbatar miki cewa matan injiniyoyinmu sun ɗanɗana shinkafar sun kuma yaba. Batun wanda ke ci kafin wani a gida kuwa al'amari ne na iyali, ba hurumin kamfani ba ne.

Sai dai wani layi a shafi na huɗu ya tayar mana da hankali, inda kika ce tukunyar 'yar'uwarki a yanzu tana yin ƙanzo. Tukunyar Tsurumine ba ta ƙanzo. Domin kare sunan kamfani, mun aika kwafin wasiƙarki ga wakilinmu na yankin, Malam Onodera, tare da umarnin ya ziyarci gidan ranar 7 ga wata ya gyara ta kyauta.

Nan gaba, a riƙa bi ta hannun manaja.

Da matuƙar girmamawa,
Masatake Kuroiwa, shugaban sashe

Yaya, ga abin da suka aiko mini, na sa miki a ambulan yadda yake. Na rantse ban ambaci tsinke ba. So nake su ji kunya su yi babbar tukunya. Na shiga uku. Ki cire tsinken, ki ɓoye. Ina roƙon wannan ta riga shi isowa. Nobu

Sugisawa, 12 ga Afrilu

Nobuyo,

Ba ta riga shi ba. Ta zo bayansa da kwana biyu.

Na ce ki ƙona, kika ɗauki cikina kika shimfiɗa a shafi biyar kika aika wa wasu maza da ba su san ni ba. Bari in gaya miki abin da kika saya mini.

Onodera mai kantin rediyo ya zo da hantsi a kan babur, taɓo har gwiwa. Kowa yana gida saboda ruwa. Iya ta tarbe shi kamar likita, tana cewa, "Yauwa, gara da ka zo, sati huɗu abin nan yana ƙona mana abinci." Ya kwance gindinta, ya ɗaure, ya sa aka dafa awo biyu a gabansa. Ta kashe kanta tsaf, shinkafa fara sol. Sai ya kanga maɓallin a haske, ya sa farce ya zaro ɗan sillen gora.

"Iya, tukunyarku lafiyarta ƙalau," in ji shi yana dariya. "Wani ne ke tokare ta da tsinke. Aikin yara ne wannan."

Kafin ya rufe baki Iya ta fizgo hannun Kiyo. "Ke ce, ko? Ja'ira, abincin kakanki kike wasa da shi?" Yarinya ta fashe da kuka, ba ta ma san me ake magana a kai ba.

Na ce, "Iya, sake ta. Ni ce."

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma Onodera mutum ne mai son a ga ya yi aiki. Ya ce, "Af, to yanzu na gane takardar nan," ya zaro wasiƙarki daga aljihu ya fara karantawa da ƙarfi, yana bin layi da yatsa. Inda kika ce ana kiwon mai ciki da kankarar tukunya. Inda kika ce ƙarti biyu suna ci kamar dawakai, maganata ce, kin kwafe ta ba ki rage ko harafi ba. Sai da ya kai nan ya ɗago ya ga fuskar Tomeo, ya ninke takardar, ya ce shi yana da wani gyara a ƙauyen gaba.

Iya ta zauna. Ta ce, "Shekara ashirin da uku na ci ƙanzo a gidan nan. Na haifi 'ya'ya biyar a kansa. Ban rubuta wa Tokyo ba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ashe kin san abin da aka ɗauke mini ke nan, Iya. Wata uku kina kallona ina wanke farar tukunya."

Shigeharu ne ya yi magana, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai. Wai, "To me ya hana ki faɗa?"

Na ce, "Shekara shida kwanona yana kusa da gwiwarka."

Ya ce shi bai taɓa dubawa ba. Ya faɗe shi kamar wanda ya kawo hujjar da za ta wanke shi.

Surukina damuwarsa ɗaya, kafin yamma duk gari zai ji daga bakin Onodera. Haka kuwa aka yi. A bakin rijiya mata sun daina hira in na iso. Duk cikinsu babu wadda ba ta ci ƙanzo ba, amma ni ce marar kunya tunda nawa ya shiga takarda.

Yanzu Iya ke danna maɓallin da kanta, ta zauna a gabansa har ya kashe. Awo goma, kwanona yadda yake. Jiya Shigeharu ya same ni a bayan rumfa ya tura mini dafaffen dankali a hannun riga yana waige-waige, kamar ni ɓarauniya shi ɗan leƙen hanya. A gidansa, matarsa, cikinsa. Na ci, don yunwa ba ta bar ni na jefa masa ba, kuma wannan ya fi komai ba ni takaici.

Wata mai zuwa za a shiga dashe, zan wuni a duƙe cikin ruwa da cikin wata bakwai. Kada ki ƙara taimakona.

Tatsue

Tokyo, 20 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki karɓa. Na yi laifi, ba ni da abin cewa. Na karanta wasiƙarki sau uku, na so in tsaga ƙasa in shige.

Sun cire ni daga teburin tukwane. Na buɗe baki zan ce ko ƙwaya ɗaya, maganar ta maƙale. Wata mata sanye da kayan ƙauye tana tsaye da ɗanta, za su saya wa gida, sai na ji kaina ina tambayarta, "Baba, ku nawa ne, kuma wa ke ci a ƙarshe?" Manaja ya ji. Yanzu ina ɗakin ajiya ina liƙa takardu a jikin kwalaye, kuma ban yi nadama ba.

Kin ce kada in taimaka, to ba taimako ba ne, magana ce. Ɗakina faɗin tabarma huɗu da rabi ne kawai, amma zai ɗauke mu da Kiyo. Ko ki koma wurin Inna har ki haihu. Ba za ki shiga ruwan dashe da dankalin sata a ciki ba, Yaya. Abin da ke cikinki bai yi wa kowa rashin kunya ba.

Ki zage ni in kina so, amma ki rubuto.

Nobu

Sugisawa, 9 ga Mayu

Nobu,

Na gaishe ki. Ruwa ya shiga gonaki.

Yau da safe Iya ta ajiye ludayin ta tashi kai wa kakanni kwanonsu, na ɗauka. Da ta dawo ta tsaya a kaina ta miƙo hannu, ban ba ta ba. Na jera kwano bakwai na zuba daidai wa daida, nawa da na surukina ba ka bambancewa. Sai da na cika na Iya na lura ashe nata ma bai taɓa wuce rabi ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zauna ta cinye.

Tomeo ya miƙo kwano a ƙara masa. Na juya masa tukunyar ya gani, na ce in bai ƙoshi ba ga maɓalli can.

Surukina ya aika a kira mutumin da ya haɗa aurenmu, gobe zai zo. Shigeharu bai ce yana bayana ba, bai kuma ce ba ya yi ba. Ki rubuta wa Inna ta shanya shimfiɗata, ko da za a mayar da ni gida.

Ban san a ina zan kwana jibi ba. Amma yau na ƙoshi, Nobu, kuma tun hantsi ɗan nan yake ta shurina.

Yayarki,
Tatsue